Anti Kunne, Mai Gyaran Injin Wanke-wanke Ta Waya

Ƙarfe takwas saura kwata take shiga ofis, ta tura jakarta ƙarƙashin teburi, ta zuba shayi, ta zauna gaban waya. Ɗakin nasu yana bayan wani shagon sayar da kayan lantarki, teburi huɗu, taga ɗaya. Aikinta amsa kiran waɗanda suka sayi injin wanke-wanke ya fara ba su ciwon kai. Shekara ashirin da biyu tana wannan, kuma ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki. Abokan aiki suna ce mata Anti Kunne, domin sau da yawa kafin mai kira ya gama bayani sai ta ce, "Kara wayar a jikin injin in ji." Ta saurara kaɗan, ta faɗi inda matsalar take.

Mai kukan faranti suna fitowa da maiƙo, takan sa ta ciro rariyar da ke ƙasan injin, sai a tarar da ita cunkushe da ƙayar kifi da ɓawon ƙwai. Mai cewa kofunansa sun yi fari-fari kamar an barbaɗa musu gari, ta ce ruwan unguwarsu ne mai zartsi, ya zuba wa injin gishirinsa na musamman mai gyara ruwa. Masu mitar kwanukan roba ba sa bushewa kuwa ba sa ƙirguwa. "Roba ba ta riƙe zafi, 'yar'uwa," in ji ta. "In ya gama, ɗan buɗe ƙofar tururi ya fita." Wata amarya ta taɓa zuba sabulun wanke-wanke na hannu, kumfa ya malalo har falo, ta kira tana kuka. Anti ta ce, "Share hawayenki, ke ce ta uku a makon nan, kuma na farkon injiniya ne."

Amma labarin da 'yan ofishin suka fi bayarwa na wani tsohon tela ne. Ya kira ranar wata Laraba da hantsi. Wata biyu ke nan da rasuwar matarsa, kuma ita ce mai kula da injin. Tun daga nan kwanuka suke fitowa da datti. 'Yarsa ta zo duba shi, ta ga busasshen abinci manne a farantan da ke cikin kabad, ta yanke cewa Baba ba zai iya zama shi kaɗai ba. Ranar Asabar za ta zo da mota ta kwashe shi.

"'Yata, ni ba faranti ne suka dame ni ba," ya ce wa Anti. "Shekara arba'in ina gidan nan. Keken ɗinkina na nan, kujerar marigayiya na nan. Ina za ni?"

Dokar ofis ita ce minti biyar ga kowane kira, in ya wuce haka a tura mai gyara. Mai gyara kuwa ba shi da sarari sai mako mai zuwa. Anti ta ce, "Baba, kunna shi, ka kara mini wayar." Ta ji ruwa ya shiga, amma maimakon ƙarar fesawa sai ƙwas, ƙwas.

"Akwai abin da ya tare farfelar da ke fesa ruwa. Kashe ka leƙa."

Ashe mariƙin ludayi ne ya zuro ƙasa. Ta sa ya kwance farfelar, ya ce ƙofofinta duk sun toshe.

"Kana da tsinken sakace, Baba?"

"Tela kike tambaya abin tsokana? Ga allura nan iri-iri."

Manaja ya zo ya tsaya a kanta yana nuna agogo. Ta rufe bakin wayar da tafin hannu ta ce, "Yallaɓai, in laifi ne ni zan ɗauka." Ta koma ga tsohon, suna bin ƙofofin ɗaya bayan ɗaya. Da ta tambayi yadda yake jera faranti, ya ce yana haɗa su ne manne da juna kamar ninkin yadi. Ta yi dariya. "Baba, faranti ba yadi ba ne. Ba su sarari ruwa ya ratsa."

Minti arba'in suka yi. Da yamma ya sake kira. "Sun fito tas, 'yata! In na shafa yatsa har ƙara suke yi." Ranar ce aka ba ta takardar gargaɗi, ta karanta, ta sa hannu.

Ranar Litinin 'yar tsohon ta kira da kanta. "Anti, me kika yi wa babana? Na je ɗaukarsa ya zaunar da ni yana koya mini jera faranti." Motar dai haka ta koma ba kowa a baya. Tsohon yana gidansa har yau, yana ɗinka wa jikoki riguna.

Anti Kunne, ke ce wadda ba ki taɓa raina tambayar kowa ba. Ke ce kika shiga kicin ɗin dubban mutane ba tare da kin taka ƙofar ko ɗaya ba, kuma da za su gamu da ke a hanya ba za su gane ki ba. Mun gode, Allah Ya saka miki da alheri, Ya ba ki lafiyar hutawa. Ku kuma da kuke zaune a bayan teburi ana zuwa muku da ƙananan matsaloli, ku yi koyi da ita, domin abin da kuke gani ƙarami wataƙila zaman gidan wani ne ya rataya a kai.

An tambaye ta wane irin inji za ta saya ta yi ritaya da shi. Ta ce ita ba ta taɓa mallakar ko ɗaya ba. "Ni da maigida ne kawai. Ina wankewa yana ɗauraya, a nan muke hirarmu."