Ranar da Na Faɗa Hannun 'Yan Matan Attantane

Jiya da hantsi matar maƙwabcina tana daka tana lugude, sai na ji tana rera wata waƙa a hanci. Ba ta san baitocin ba, muryar kawai ta tsinta a wani wuri. Ni kuwa ina zaune ina tsince wake, ban san lokacin da kafaɗuna suka fara motsi ba. Waƙar gaɗarmu ce, wadda na ɗauka ta mutu tare da masu ita.

Mai karatu, in ka gan ni yau ina dogara sanda ba za ka yarda ba, amma na taka rawa a zamanina, kuma ba na jin nauyin faɗa. Mu makiyaya ne. Kowace kaka, in an gama yankan gero, mukan sauka a gonakin da ke gefen garin Attantane, shanu su ci kara su bar wa masu gona taki. Ran kasuwa nakan kai nono, in sayar kafin la'asar, in kife ƙwaryata a gindin gawo in shiga cikin 'yan matan gari. Ƙanshin sabon gero da na ƙuli-ƙuli ya cika wurin, tafi kuwa har tafin hannu ya yi zafi.

Ga yadda gaɗar take. 'Yan mata su jeru kafaɗa da kafaɗa suna tafi. Zabiya ta ba da waƙa, "Gero ya shiga rumbu, wa ke tare ni?" Sauran su amsa, "Taho, muna nan!" Sai ɗaya ta fita fili ta taka, ta juya musu baya, ta sako jikinta gaba ɗaya. Su cabe ta su cilla ta sama, ta dira a kan ƙafafunta. Doka ɗaya ce, ba a waiwaye, don wadda ta waiwaya ta nuna ba ta yarda da ƙawayenta ba. In kuwa 'yan mata na jin haushin wata, sai su buɗe hannu ta sha ƙasa, kuma wadda aka yi wa haka ba ta sake leƙa dandali.

Wata shekara shanunmu suka kuɓuce suka faɗa wata gonar wake da ba a riga an rore ba. Ɓarna ta yi ɓarna. Gonar kuwa ta mahaifin zabiyarmu ce, yarinyar da ke tsayawa a tsakiyar masu cabewa. An yi sulhu gaban mai gari, amma zukata ba su huce ba. Matan da ke rububin nonona suka koma kallon ƙwaryata suna wucewa. Mahaifina ya fara zancen mu kwashe mu yi wajen Mayahi, mu da muka saba da waɗannan gonaki tun kakanni. Ni ma na ce na bar gaɗa, don ba ni da ƙeyar da zan ba ƙasa.

Kakata ce ta ƙi. Tsohuwa ce 'yar firit, ba ta da yawan magana, amma in ta yi har mahaifina sai ya sunkuyar da kai. Ran kasuwa ta ɗaura mini duwatsun wuyanta da hannunta, ta ce da ni cikin Fulatanci, "Bakin maza ya ce an shirya, ban yarda da shi ba. Je ki faɗa hannun 'ya'yansu. In sun buɗe, gobe mu ɗaure kaya. In sun tare ki, garin nan na zaunuwa."

Na kama hanyar dandali. Da na isa, tafi ya ɗan yi sanyi, aka shiga kallon-kallo. Zabiya ta dube ni sama da ƙasa, sannan ta ɗaga murya ta ba da waƙar. Amshin da ya biyo baya babu ƙarfi. Tsoro na ji, ba zan ɓoye maka ba, amma jinin kakata ne a jikina. Na fita fili, na taka rawar da ban taɓa takawa ba, na juya baya. Wuyana na ta ja na in waiwaya, na ƙi. Na dubi reshen gawo, na sako jiki.

Saura kaɗan in taɓa ƙasa na ji hannuwa a bayana. Suka cilla ni sama har ɗankwalina ya fice, guɗa ta ɓarke daga wajen masu fura. Zabiya ta ce, "Ke Bahillata, nauyin shanunku duka kika kwaso mana? Koma ki sake hwaɗowa, wagga ba ta yi ba!" Ba mu tashi daga garin ba, kuma kasuwar da ta zagayo nonona bai kai azahar ba.

Yanzu in shanu sun yi ɓarna, jandarma ake kira. Jikokina ma suna rawa, kuma sun iya, amma kowace a gaban salularta, babu kowa a bayanta. Ni dai ina alfahari da na yi zamanin da ake auna zuciyar gari da bayan yarinya.

Zabiyar tana nan da ranta, haƙora sun zube amma bakin bai mutu ba. Bara muka haɗu wajen wani suna a Mayahi, na tambaye ta abin da na daɗe ina son sani, ko ta yi niyyar buɗe hannu ran nan. Ta yi dariya har da tari.

"Wallahi na yi niyya, ƙawa, har na gaya ma sauran. Amma da na ga kin taho ba ki waiwaya ba, hannuwana suka ƙi ni."