Jar Saniyar da ke Cikin Wayar Kawu

Ni mutum ne mai saurin hawa, wannan kowa ya sani a unguwarmu, kuma a cikin abubuwan da ke tayar mani da jijiyar wuya waya tana sahun gaba. Aikina a sakatariyar ƙaramar hukuma yake, nan Batsari. Fayil na sani da biro, su kuwa ba su taɓa ce mani caji ya ƙare ba.

Muna da majalisa a gindin bishiyar bedin ƙofar gidanmu, bayan la'asar. Kusan kullum sai zance ya gangaro kan waya. Akwai wani tsohon hedimasta da ke cewa ita ta kashe zumunci, tunda yanzu mutum sai ya yi maka ta'aziyya yana kwance a gadonsa. Wani ɗan acaba kuma ya ce shi dai ba zai zage ta ba, da ita fasinja ke nemo shi har daga Karare. Ni nawa labarin ɗaya ne, kuma na ba da shi ya fi a ƙirga: ranar da layina ya toshe na kira kamfanin, wata murya ta ce in danna ɗaya, na danna, ta ce in danna uku, na danna, sannan aka kunna mani kiɗa har wayar ta mutu a hannuna. Duk sanda na zo nan sai na miƙe tsaye, su kuma su yi ta dariya. Na ɗauka ni ne mai gaskiya a duk garin.

A cikin gida kuwa akwai autarmu. Malamar firamare ce, mai sanyin magana, ba ta biye wa faɗana. Da ta dawo daga makaranta sai ta zauna a bakin ƙofar ɗakin Inna da waya a hannu, tana wani gem na noma, wanda ake shuka masara a girbe ta kafin shayi ya huce. Wallahi abin yana ci mani rai. Na ce mata ga gonar gaske can a Karare ciyawa ta cinye, in noma take so ta zo in ba ta fartanya. Sai ta yi murmushi ta ce to, Yaya.

Ban lura da lokacin da ta bar buga gem ɗin ta koma tambayar yadda aka yi shi ba. Na dai fara ganinta da littafin rubutu irin na 'yan aji uku, tana cika shi da wasu layuka masu baka-baka da ɗige-ɗige, ba Hausa ba, ba kuma Turancin da na sani ba. Ta ce umarni ne ake rubuta wa waya, da shi ake haɗa manhaja. A bidiyo take koyo. In babu wuta sai ta rubuta a takarda, ranar da aka kawo ta kwafe a wata tsohuwar kwamfuta ta gwanjo da wata ƙawarta ta bar mata. Wani lokaci ta yi kwana uku tana neman ɗigo ɗaya da ta manta. Ni da takarda ɗaya ta ɓace a ofis sai kowa ya ji a jikinsa, ina kallon wannan haƙuri nata ina cewa wahalar banza ce. A raina kuwa abin ya fara burge ni, bakina ne bai yarda ba.

To, ga Kawu. Yayan Inna ne, uwa ɗaya uba ɗaya, Bafulatani dogo mai ƙarancin magana. Da can rugarsu tana bayan Runka. Da daji ya ɓaci, aka yi masu ɓarna a garke, sai ya tattara ya shigo cikin gari ya kama noma. Ɗansa na fari, wanda ya girme ni da kaɗan, ya ce shi ba zai zauna ya ga ƙarshen shanun ba, ya kora abin da ya rage ya yi kudu da iyalinsa, tafiya mai nisa. Kawu bai so ba. Ranar da za su tashi, gona ya tafi tun da safe, ba a yi sallama ba.

Kawu bai yi boko ba, lamba ma ba ya gane ta. Yana da ƙaramar waya mai maɓallai, abin da ya iya da ita shi ne danna kore in ta yi ƙara. In shi ne zai kira, sai ya miƙa wa wani ya faɗi wanda yake nema. Nan matsalar take. Kunyar ɗan fari a wurinsu ba wasa ba ce. Tunda aka haifi yaron nan Kawu bai taɓa kama sunansa ba, sai dai ya ce wancan, ko mai shanun. Balle ya tsaya a tsakiyar kasuwa ya ce wa wani ya kira mashi ɗansa, jama'a su ji yana kewarsa. Saboda haka bai taɓa kiransa ba ko sau ɗaya. In kuma ɗan ne ya kira, sai a tarar Kawu yana cikin mutane, amsarsa ba ta wuce to, madalla, a gaida su. Daga can nesa wannan fushi ya yi kama da shi. Ɗan ya faɗa wa Inna a waya cewa shi ya san Baba bai yafe mashi ba. Kiran da yake yi duk Juma'a ya koma na wata-wata, daga ƙaramar Salla kuma ya ɗauke ɗif.

Ranar kasuwa Kawu kan biyo akori-kura ya zo Batsari, ya ci abincin rana a gidanmu. Wata rana bayan mun gaisa, mun tambayi gida da gona da mutanen Runka, sai ya zaro wayar daga aljihu ya ajiye a kan tabarma, ya tura mani ita da yatsa.

"Duba mani abin nan. Halan ta lalace ne? Ba ta ƙara."

Ni sarkin wayo na karɓa na latsa nan na latsa can, na kira ta da tawa, ta yi ƙara har kaji suka watse. Na ce mashi lafiyarta lau, Kawu, garau take. Ya ce to, ya mayar da ita aljihu. Har yau in na tuna sai in ji kunya ta kama ni. Autarmu tana gefe tana tsince shinkafa, ita ce ta ji abin da ya ce.

Mako uku ta yi a kan abin. Ta ɗauko tsohuwar babbar wayarta mai tsagaggen gilashi, ta share komai, ta haɗa manhaja guda wadda da an kunna ita ce za ta fito. Babu rubutu ko ɗaya, sai hotunan mutum shida manya-manya. Ka taɓa hoto, wayar ta faɗi sunan mai shi da muryar da ta naɗa, sannan ta kira. Ta gwada a kaina, ta gwada a kan Inna, abin yana aiki tsaf. Ni kaina na ce kai, yarinyar nan da kai take.

Da Kawu ya zo ta durƙusa ta gaishe shi, ta miƙa mashi. Ta nuna mashi hoton Inna, ya taɓa a hankali, wayar Inna ta yi ƙara a cikin ɗaki. Kawu ya yi dariya har haƙoransa suka fito, abin da na daɗe ban gani ba. Murna ta ɗebe ta, ta kai hannu ta taɓa hoto na biyu don ta nuna mashi. Fuskar ɗansa ta cika gilashin, wayar kuma ta rangaɗa sunansa da ƙarfi a tsakar gida, gaban ƙanwarsa, gabana, gaban matata. Ta yi maza ta katse kafin kiran ya shiga, amma an riga an ji. Kawu ya kifa wayar a kan tabarma. Ya ɗan zauna kaɗan, sannan ya ce motarsu za ta tashi, ya sa takalmi ya fita, ko furar da aka dama mashi bai sha ba.

Inna ta rufe autarmu da faɗa, ta ce yanzu ke a gidan nan aka haife ki ko a wani gari? Ni ma na zuba nawa, har ya fi na Inna yawa. Na ce ga irinta nan, boko da kwamfuta sun sa ta manta gidan da ta fito. Ta san al'adar sarai, ɗoki ne ya rufe mata ido. Idonta ya kawo ruwa, ta ɗauki wayar ta shige ɗaki. Na tabbata a raina an gama ke nan.

Kashegari da safe na ji ta a madafa tana tambayar Inna, wai in Kawu yana son jin labarin ɗansa, Yaya na kudu, me yake cewa? Inna ta ce me zai ce kuwa, shanu yake tambaya. Daga nan ta ba ta labarin karsanar da Kawu ya ba yaron ranar suna, yadda suke yi a gidansu, da yadda ta yi ta haihuwa har zuriyarta ta zama rabin garken. A cikin waɗanda suka tsira akwai wata ja mai karkataccen ƙaho, jikar jikarta ce, Kawu da hannunsa ya karɓi haihuwarta. Autarmu ta aika wa matar ɗan Kawu saƙon murya, ta roƙe ta hoton saniyar, ba ta faɗi dalili ba. Sai da aka kwana huɗu kafin hoton ya samu sabis ya iso.

Ta cire muryar gaba ɗaya. Ta cire fuskokin, ta sa jar saniyar a gurbin hoton ɗan. Abin da ya fi burge ni shi ne ba ɗan kaɗai ta mayar dabba ba, don kada nasa ya fita daban a idon mai leƙe. Inna ta zama farar akuyarta, maƙwabcin Kawu ya zama raƙumi, direban akori-kura ya zama zakara. Ni kuwa da na duba sai na ga jaki. Na tambaye ta dalili, ta ce ta duba dabbobin gidan duka, Yaya, shi ne mai ɗaga murya ba a taɓa shi ba. Na so in yi fushi, dariya ta ci ƙarfina.

Kasuwa biyu Kawu bai zo ba. A ta uku ya zo, ya zauna a zaure, bai shiga ciki ba. Autarmu ta kai mashi ruwa ta gaishe shi, ta ba shi haƙuri a taƙaice, ya ce ba komai, ɗiyata. Ta ajiye wayar a gefen tabarma a kunne, ba ta ce ya ɗauka ba. Ina zaune a ɗaya gefen ina yi kamar ina gyaran rediyo.

Ya daɗe bai kalli wayar ba. Da ya kalla kuma sai ya kasa ɗauke ido. Ya jawo wayar kusa da fuskarsa, ya ce wannan ai jar nan ce, ta rame. Ya ce ƙahon nan tun tana 'yar maraƙa ta karya shi a jikin turke. Autarmu ta ce mashi, cikin ladabi, in yana son jin lafiyarta sai ya taɓa ta, a wajen rumbu sabis ya fi ƙarfi. Ta faɗi haka ta koma ciki abinta.

Kawu ya tashi ya zaga bayan gidan, wajen rumbu. Ni kuma, Allah ya yafe mani, na bi shi har bakin katanga, wai ko zai buƙaci taimako. Tun isowarsa ta karɓi ƙaramar wayarsa ta saka layinsa a cikin wannan, ta kuma ƙara wa wayar murya saboda kunnensa ya yi nauyi, don haka komai ina ji. Na ga ya goge yatsansa a jikin riga, sannan ya ɗora a kan saniyar.

Ƙara biyu ta yi aka ɗauka. Ɗan bai yi sallama ba. Lambar nan ba ta taɓa kiransa ba tunda ya tafi, saboda haka abu ɗaya ne ya zo mashi a rai. Ya yi salati, ya ce, "Wane ne? Baba ne ya rasu?"

Sai da Kawu ya gyara murya sau biyu.

"Ni ne. Ba abin da ya faru. Jar nan nake tambaya, na ga ta rame."

Can sai na ji kukan babban mutum yana fitowa daga wayar, mai 'ya'ya biyar, yana cewa Baba, Baba. Kawu ya dafa rumbun da hannu ɗaya. Ya juyo ya gan ni a tsaye, fuskarsa jiƙe, bai ɓoye ta ba. Ya yi mani alama da hannu in ba shi wuri.

Na koma ciki na tarar da autarmu zaune a bakin ƙofar Inna, ta haɗa hannuwa a cinya tana jira. Ta ɗago ta tambaye ni ko kiran ya shiga. Na gyaɗa mata kai. Direban akori-kura ya aiko sau biyu a kira Kawu, Inna ta ce a faɗa mashi ya tafi, yau a nan zai kwana.