Rawanin Surukai da Amalar Mama

Ko da zan manta da komai a rayuwata, ba na jin zan manta da ranar da Buzaye suka zo gidanmu a Gyadi-Gyadi neman auren ƙanwata. Shekaru sun ja, amma har yau in na tuna sai gabana ya fara faɗuwa, daga baya kuma dariya ta ƙwace mini.

Mu Yarabawa ne. Baba ya zo Kano tun yana saurayi, ya koyi kanikanci har ya buɗe garejinsa a wajen Unguwa Uku. Ni da ƙanwata a nan aka haife mu, Hausa ta fi Yarabanci zama a bakinmu, amma ko musun ƙwallo muke yi a bakin layi, da an ga na fara kayar da mutum sai ka ji an ce, "Rabu da Bayaraben nan." Abokina kuwa Buzu ne, gidansu na Tarauni. Mahaifinsa ya zo lokacin fari, ya yi gadi a gidajen masu hali har Allah Ya ɗauki ransa. A sakandare muka haɗu, ni ana tsokanata da Bayarabe, shi ana ce masa maigadi, sai muka zama kamar 'yan gida ɗaya. Ya zama ma'aikacin jinya, ƙanwata kuma malamar firamare. Ni dai ban san lokacin da ya daina zuwa wurina ya koma zuwa wurinta ba, sai kawai na lura sallamarsa ta yi laushi.

Mutum zai ɗauka waɗanda ake yi wa gori iri ɗaya za su tausaya wa juna. Ina fa. Ranar da maganar ta isa kunnen Baba, ajiye cokali ya yi ya ce, "Buzu? Mutanen da ba su da gari, yau suna nan gobe suna can? Kuma fararen nan kallon bayi suke yi mana." A can gidan su abokina ma gwaggonninsa cewa suka yi duk matan duniya ya rasa wadda zai ɗauko sai baƙa, kuma Bayarabiya, mutanen da ba su san kunya ba sai hayaniya. Ƙanwata baƙa ce wuluk kamar Baba, kuma ba ta taɓa shafa komai don ta sauya ba. Abin ya ƙona mini rai ƙwarai, domin kalmomin da ake jifan mu da su a titi ne kowane gida ya tsince ya jefi ɗayan.

Ƙanwata ba ta yi rigima ba. Durƙusawa ta yi ta ce wa Baba ba za ta saɓa masa ba, amma in ba wannan ba, a bar ta ta zauna a gida. Baba ya san halin 'yarsa, in ta faɗi magana ta faɗa. Sai ya gindaya sharaɗi: su zo da manyansu, shi ma yaron ya zo da kansa, ya yi gaisuwar Yarabawa. Wato ya cire hula, ya kwanta rub da ciki a gaban iyayen yarinya, sannan su ci abincin gidan. "In ya raina mu," in ji Baba, "zan gani a fuskarsa. In na gani kuwa, magana ta mutu."

Nan na zama malami. A ɗakina na riƙa sa shi yana kwanciya yana tashi kamar mai atisayen soja, har ya iya faɗuwa ba tare da ya fasa haɓa ba. Na riƙa kai shi wurin wata mai abinci 'yar garinmu a Daurawa don harshensa ya saba da barkono, domin su mutanen madara ne da shayi. Yana ci yana hawaye ina ce masa, "Daure, aure kake nema." Na tabbata mun gama shiri, har na fara yi wa ƙanwata kirarin amarya.

Ranar ta zo. Tun da safe Mama ke kan murhu. Ta tuƙa amala, ta kaɗa miyar ewedu, ga jar miya da naman akuya da ganda, attaruhu kuwa kamar da gayya ta zuba. Baba ya sha babbar riga, ƙannensa biyu na gefensa, an janye tebur daga tsakiyar falo don a bar wa ango filin kwanciya. Bayan azahar sai ga 'yan adaidaita sahu sun tsaya a ƙofar gida. Na fita da gudu ina murna, sai na ja na tsaya. Dogayen mutane ne ke fitowa, kowa ya naɗe kai da fuska da rawani, ba ka ganin komai sai idanu. Da takalminsa na gane abokina.

Ya matso ya raɗa mini, "Kawu ya iso jiya daga Agadas, ba mu san zai zo ba. Shi ya naɗa mini wannan da hannunsa. Wallahi ba zan iya kwanciya a gaban Kawu ba."

Na ce, "Ka kashe mu."

Kawun nan shi ne babban gidansu tun rasuwar mahaifin abokina, abin da ya ce shi za a yi. Dattijo ne siriri, yana tafiya a hankali kamar ba ya son ƙasa ta ji nauyinsa. Suka yi sallama suka shiga. Suna haɗa ido da Baba sai kowannensu ya sa hannu ya ƙara jan rawanin sama har ya kusa rufe idon, suka sunkuyar da kai, suka gaisa da murya ƙasa-ƙasa. Baba ya dubi filin da aka share, ya dubi abokina da ya lafe a bayan kawunsa, ya dube ni. Ni kuwa na dubi silin.

Mama ta shigo da kwanuka, ƙamshi ya cika falon. Baba ya ce, "Bismillah." Kawu ya ɗora hannu a ƙirji ya ce, "Alhamdu lillahi, mun gode." Ba wanda ya motsa. Baba ya sake cewa bismillah, da ɗan ƙarfi wannan karon. Ba wanda ya miƙa hannu. Amala na hucewa a kwano. Can sai Baba ya miƙe, ya kaɗe riga, ya ce wa ƙannensa da Yarabanci su tashi. Muka fice gaba ɗaya muka bar baƙi su kaɗai.

A ɗakin Mama ya sauke fushin. "Kun gani ko? Yaro bai gaishe ni ba, sun rufe hanci kamar gidana na wari, abincinmu ma ƙyamarsa suke yi. Tun yanzu ke nan, ina ga 'yata ta shiga cikinsu?" Ƙanwata na tsugune cikin kwalliyarta, hawaye na wanke hodar da ta sha. Ta ce, "Baba, don Allah." Bai ko dube ta ba. Ni ya nuna da yatsa ya ce, "Kai ka jawo su. Je ka ce su tafi."

Na fito. Na kasa bi ta ƙofar falo, sai na zaga ta lungun da ke gefen gida, inda tagar falon take, da niyyar in yafito abokina in faɗa masa a ɓoye. Na ɗaga bakin labule kaɗan na leƙa. Abin da na gani ya sa na toshe bakina da hannu.

Rawuna duk sun sauka zuwa haɓa. An zagaye kwanuka, hannaye na kai da kawowa. Wani na fifita harshe da jelar rawaninsa, wani na kwankwaɗar ruwa yana komawa. Kawu da kansa, dattijon nan mai tafiyar sarauta, hawaye na zuba a idonsa, hanci na yoyo, ga shi yana kokawa da ganda, ya ƙi saki. Abokina kuwa, ɗalibina, shi ke koya musu yadda ake yanko loma a dangwala.

Ban san lokacin da na isa ɗakin Mama ba. Na ce, "Baba, zo ka gani."

"Sun tafi?"

"Ka zo dai, don girman Allah. Kada ka yi magana."

Ku yi tunanin Alhaji guda, da babbar riga, ya tattare ta yana tsallake kwata a lungu, ya je yana leƙen falonsa kamar ɓarawo. Mama na bayansa tana ɗage, ƙanwata na bayan Mama. Baba ya daɗe yana kallo. Mama ta ture shi ta leƙa, ta ga kwanon miya ya kusa komawa fari, nan take ta yafe musu duk laifinsu na duniya. Ta ce, "Bayin Allah, ashe yunwa suke ji. Bari in ƙaro."

Baba ya riƙe ta ya ce, "To me ya hana su ci a gabana?"

Na tura wa abokina saƙo a waya, ya sulale ya fito lungun. Yana ganin Baba ya yi wuf ya mayar da rawani kan hanci. Da kai a ƙasa ya yi bayani. A wurinsu, namiji ba ya barin surukinsa ya ga bakinsa, balle ya tauna abinci a gabansa. Iya girman mutum a idonka, iya yadda za ka ja rawani sama. Ya ce shi ma da ya tashi a Kano bai taɓa riƙe abin da muhimmanci ba, sai jiya da Kawu ya zaunar da shi. "Baba, ba raini ba ne. Kawu ko gaban hakimi bai ja rawani kamar yadda ya ja maka ba."

Yana gama faɗa ya waiga, ya ga ba idon kawunsa, sai kawai ya zube. Rub da ciki, a lungu, a gefen kwata, da farar shaddarsa. Kwanciyar ta yi kyau har na ji alfahari. Ƙanwata ta sa kuka da dariya a haɗe. Baba ya sunkuya ya ɗago shi da hannu biyu, yana kaɗe masa ƙasa yana cewa, "Tashi, tashi, ka ɓata riga."

Da za mu koma falo, Baba ya tsaya a ƙofa ya yi gyaran murya, ya yi doguwar sallama, ya ba su lokaci. Muka tarar kowa ya koma ido kaɗai, kwanuka kuwa an sharce su tas. Kawu ya yi magana da Hausarsa mai nauyi. Ya ce, "Alhaji, ni ba na ɓoye magana. Na taso daga gida ne don in hana auren nan. Mu ba mu saba ba da ɗanmu ga baƙaƙe ba, kuma an ce mana ku ba ku san kunya ba. Amma da na ga ka tashi, ka kwashe mutanenka don baƙonka ya ci abinci a sake, na ce wanda ya faɗa mini bai san ku ba. Wannan gidan mutunci ne. Muna roƙon 'yarka."

Na ga maganar baƙaƙen ta soki Baba, na kuma ga ya buɗe baki zai faɗi ainihin abin da ya fitar da shi. Daga bakin ƙofa Mama ta yi wani tari da ba na mura ba. Baba ya rufe baki, ya gyara zama, ya ce, "Ai haka muke yi a gidan nan." Sai da na ciji leɓe har ya yi jini don kada dariya ta tona mu. Aka yi addu'a, aka shafa. Ina fita na tarar da ƙanwata a tsakar gida tana tsalle kamar 'yar firamaren da take koyarwa, ta ruƙunƙume ni tana cewa, "Yaya, an ba shi."

An yi biki, gangar Yarabawa a gefe, masu rawani a gefe suna kaɗa kafaɗa a hankali. Amma ba zan yi muku ƙarya in ce komai ya wanke ba. Cikin gwaggonnin ango akwai wadda har yau ba ta taka gidan ƙanwata ba, ƙanen Baba ɗaya kuma bai daina cewa an ba maigadi 'ya ba. Ranar da ƙanwata ta haifi 'yar fari, da idona na ga tsofaffin matan gidajen biyu suna lanƙwasa kunnen jaririya don su gano ko fara za ta zama ko baƙa, har sai da uwar ta karɓe 'yarta ta ce a bar mata kunnen yarinya ya huta.

Shi ya sa in aka tambaye ni ko wariyar nan za ta taɓa ƙarewa, nakan ce ban sani ba, kuma ba na jin zan ga ƙarshenta da idona. Abin da ranar nan ta koya mini shi ne, dattawan nan biyu kowa ya shigo falon da hukuncinsa a aljihu, kuma duk su biyun sun yi wa juna gurguwar fahimta. Baba ya ga girmamawa ya ɗauka raini ne, saura ƙiris ya rushe rayuwar 'yarsa. Kawu ya ga fushi ya ɗauka girmamawa ce, sai ga gida ya ginu, yau har da 'ya'ya. Tun daga ranar, in wanda ba yarena ba ya yi mini abin da ban gane ba, sai in tambaye shi kafin in yi fushi. In kuwa ba halin tambaya, tunda dai ko ta ina zan iya yin kuskure, na zaɓi in yi irin na Kawu.