Likitan Gambiya da Sanƙarauna

Assalamu alaikum 'yan uwa. Na daɗe ban ce uffan a nan ba. Amma zafi ya shigo, na ji an fara maganar sanƙarau, shiru ba nawa ba ne. Labarin nan ko 'ya'yana ba su san shi duka ba.

A shekarun saba'in ne, lokacin da kuɗin fetur suka cika gari da babura. Ina saurayi, ina bin Baba fataucin shanu tsakanin Mai'aduwa da Daura.

Wata rana muka dawo daga kasuwa, kaina kamar ana sara da gatari. Na ce rana ce. Washegari zazzaɓi da amai. Da na zo yin sujada, wuyana ya ƙi lanƙwasuwa.

Inna ce ta fara ganewa. "Malam, yaron nan ya sanƙare. Asibiti za mu."

Asibiti ya cika, har ƙarƙashin bishiyoyi an shimfiɗa mutane. Wanda kuka gaisa da shi da safe, da la'asar sai ka ga an naɗe tabarmarsa. Na ji tsoro, ba zan ɓoye muku ba.

Mun tarar da wata tawagar likitoci daga ƙasashe daban-daban, suna binciken cutar. Suka ce sai an ɗebi ruwa daga ƙashin bayana.

Baba ya ce atafau. "An ce wanda aka ɗebar wa ba ya ƙara tafiya. Kuma ina za su kai ruwan ɗana?"

Inna Bafulatana ce. Ta yi wata addu'a da Fulatanci tana share hawaye, sai wani baƙin likita siriri ya juyo ya ce amin, ya gaishe ta da harshenta. Sunansa Dokta Jallo. Fulatancinsa daban ne, amma sun fahimci juna. Inna ta zama tafinta.

Ya ce daga Gambiya yake.

"Gambiya kuma? Ina take?" in ji Baba.

"Can bakin teku, Baba. 'Yar ƙarama ce, kogi ne da gaɓoɓinsa biyu. Ba mu da fetur irin naku. A aikin nan wasu sun kawo kuɗi, wasu na'urori, ƙasata ni ta turo. Ciwon nan ya ɗauke ƙanwata. Ruwan zai nuna mana maganin ɗanka, ragowar a aika ɗakin bincike saboda 'ya'yan wasu. Da hannuna zan ɗiba."

Baba ya gyaɗa kai. Sannan ya ce, "To, bismillah."

Aka naɗe ni kamar bushiya, Inna ta riƙe kaina. Da zafi, amma bai kai yadda ake faɗa ba. Ruwan ya fito gurɓatacce kamar na gasara. Dokta Jallo ya duba shi, aka fara mini allura safe da yamma, har zama ya gagare ni.

Ranar da na ce ina son fura, Inna ta yi guɗa a tsakiyar asibiti, nas ta kore ta waje tana dariya.

Na tashi da ƙafata. Kunnena na hagu ne bai dawo ba. Har yau idan matata Hajiya ta fara faɗa, shi nake juya mata.

Da tawagar za ta tashi, Baba ya kai wa likitan rago. Likitan ya ce jirgi ba zai ɗauka ba, aka yanka wa majinyata. Ban ƙara jin labarinsa ba. Daga baya allurar rigakafi ta iso garinmu. Ban san ko ruwan bayana ya ƙara wani abu ba, amma ina jin daɗin tunanin hakan.

Alhamdulillah. Allah ya jiƙan Baba da Inna. Dokta Jallo, in kana raye Allah ya saka maka, in ka rasu ya haskaka kabarinka.

Ku kuma, ciwon kai da zazzaɓi da sanƙarewar wuya, kada a ce rana ce, a tafi asibiti take. A rage cunkoso a ɗaki, a buɗe tagogi. In an kawo rigakafi, ku fito da yaranku, ku ma ku miƙa hannu.