Ɗakin Yaya Mai Taya

Shekarun baya, ina gidanmu a Tudun Wada, yayana ya gama karatun zanen gine-gine. Maimakon ya nemi aiki, sai ya kama ƙera ɗaki a kan amalanke. Ɗaki fa na gora da zana, da bakan gizo irin na tsofaffin soraye, ana naɗe shi kamar tabarma. Ya jera tuluna a jikinsa, wai in an yi waƙa a ciki murya za ta kai bakin titi ba tare da lasifika ba. 'Yan unguwa suka ce boko ya taɓa shi. Ni kaina in na hango shi yana tura abin nan, lungu nake shigewa.

Don kakarmu Inna ya yi shi. Ita ke yi wa kowace amaryar gidanmu kiɗan ƙwarya ranar kamu, amma tsufa ya cinye mata murya. Ta ce min, "Ke kam sai dai in yi miki a zuci."

Ranar kamuna dangin ango suka zo daga Hanwa da mai kiɗan lasifika. Gwaggon ango ta ga amalanken a tsakar gida, ta ce wa mahaifiyata, "Hajiya, a fitar mana da tarkacen nan, muna da baƙi." Ta ƙasan mayafi na ga kakata ta ja zane ta rufe ƙwaryarta.

Wallahi raina ya ɓaci. Na ce ba mai buɗe min fuska sai an kashe lasifika, Inna ta shiga ɗakin Yaya ta yi waƙarta.

Gwaggo ta riƙe haɓa. "Amarya da baki?"

Na ce, "Da baki, Gwaggo. Ku riƙe turarenku."

Suka yi lallashi, suka yi fushi, mahaifiyata ta mintsine ni, ban motsa ba. Dole aka kashe. Aka kira Yaya daga zaure ya warware ɗakinsa, Inna ta shiga ta zauna, ta fara waƙa. Muryar da ba ta wuce bakin gadonta, ranar har maza a ƙofar gida sun ji ta. Na yi kuka har kwallina ya zube.

Har yau dangin mijina mai taurin kai suke ce min, ko a jikina. Inna ba ta ga wata damina ba. Da na ji kunyar baƙi ranar nan, da ni kaɗai ce jikar da ba ta kira sunanta a waƙa ba.