Bukar Baduku da Neman Auren Lubabatu

Bukar baduku ne a unguwar Birni, cikin Damagaram. Kafin ya sa wuƙa a fata sai ya juya ta, ya shinshina, ya ajiye, ya je salla ya dawo. Wannan hali ya gyara masa sana'a, amma ya cuce shi a wani wuri, kuma shi da bakinsa yake ba da labarin yana dariya.

Bayan rasuwar matarsa, zuciyarsa ta kwanta da Lubabatu, wata bazawara mai sayar da man gyaɗa. Son ta yake yi sosai. Ita ma in ta biyo ta ƙofar rumfarsa sai ta rage tafiya, ta ce, "Malam Bukar, ana ta aiki?" Shi kuwa sai ya amsa wa fatar da ke hannunsa.

Maimakon ya kai goro, sai ya kira amininsa Ari mai gyaran keke.

"Je ka gano mini, me ya kashe mijinta na fari?"

Ari ya dawo ya ce zazzaɓi ne. Bukar ya ce to, wanta fa, tsohon sojan nan da ya dawo daga yaƙin Faransi, yana duka? Ari ya koma. Sai maganar ko tana da faɗa, sai ta warin tuyar ƙuli-ƙuli, kada ya kama fatu. Kowace tambaya Ari ne zai je ya zauna a zauren su Lubabatu, a kawo masa fura. Damina ta wuce, wata ta zo. Ƙasa guda ta yanke shawarar rabuwa da Nasara, aka sauke tutarsu, Bukar bai gama tasa ba.

Ranar da ya gamsu, ya sayi goro ya sa babbar riga, sai ga Ari yana sosa ƙeya.

"Aboki, ta ce in tambaye ka ko akwai sauran bincike. In babu, Juma'a za a ɗaura mana aure, ni da ita."

Bukar ya yi kuka, bai ɓoye ba. Goron ma a wajen ɗaurin auren aka raba shi.

Har ya tsufa yana cin tuwo a gidansu, 'ya'yansu na ce masa Baba. In an tsokane shi sai ya ce, "Har yanzu ina duba aibinta. Wallahi ban samu ko ɗaya ba."