Katakon da ya karye da ni

A hanyata daga Fagge zuwa Sabon Gari akwai wata kwata da murfinta ya fashe tun ina saurayi. A gabanmu ramin nan ya girma, har mun fara tunanin nema masa mata. Yana gefen titi, wurin masu tafiya a ƙasa, daidai ƙofar shagon abokina, wani Ibo mai sayar da kayan wuta. Haifaffen Sabon Gari ne, in ya zage ka da Hausa sai ka je gida ka tambayi ma'ana.

Da ya gaji da tsamo masu ciniki daga ciki, sai ya nemo katako ya ɗora. Katakon nan ya ɗauki Hajiyoyi, ya ɗauki 'yan dako da buhunan kasuwar Singa, bai ce uffan ba. Ranar da zai karye, ni ya zaɓa, ni da iska ke kaɗawa! Na ji ƙaras, sai ga ni har ƙugu a ruwan da ƙuda ma sai ya toshe hanci. Ƙafa ta karye.

Ina kwance da ɗori, maƙwabcina mai son shari'a ya yi ta zuga ni. Wai gefen titi na hukuma ne, ita za ta biya ni diyya. Na dogara sanda na je ofishin hukumar na zayyana musu komai, har da katakon. Bakina ne ya ja.

Mutanen da suka yi shekara da shekaru ba su ga ramin ba, washegari ga su a mota a ƙofar shagon abokina.

“Oga, wa ya ba ka izinin gini a kan titin gwamnati?”

“Gini kuma, Yallaɓai? Katako ne fa!”

Suka garƙame masa shago da kwaɗo. Wai shi ya ji mini ciwo, ba za a buɗe ba sai na zo na ba da shaida an kai shi kotu. Mutum da 'ya'ya a makaranta, ya koma zaman benci wajen mai shayi, wanda tuni ya hura wuta da guntayen katakon.

Na koma ofishin. Babbansu yana zaune, tumbi ya hana shi matsowa kusa da teburinsa.

“Malam, katakon Ibon nan ne ya karye da kai, ko?”

“Wane katako, ranka ya daɗe?”

“Kai da bakinka ka faɗa!”

“Zafin ciwo ne. Raminku ne zalla, ba gauraye.”

Ya ƙare mini kallo.

“To in babu katako, ai rami a buɗe yake. Ina idonka?”

“Yana sama, Yallaɓai, ina karanta allon ayyukan da kuka yi mana.”

Bai yi dariya ba. Ya ce ƙaddara ce, sai haƙuri, makaho ma ya san ramin nan. Diyya ta bi ruwan kwata. Da la'asar aka cire kwaɗon.

Da na ɗan warware na je sayen ƙwan lantarki. Na tsaya a bakin ramin da sandata.

“Oga, ba ka sake ɗora wani ba?”

“Ni? Ko tsinken sakace ba zan ɗora ba. Tsaya nan, Malam Gurgu, kar ka ja mini. Cafe!”

Ya wurgo mini ƙwan ta kan ramin.